Nomau da Wayar da Ba Ta San Ta Bar Kanada Ba

A Tudun Gwanda, in ka wuce masallacin Juma'a ka karya hagu, gida na uku shi ne na Inna Delu, na huɗu kuma nawa ne. Wannan maƙwabtakar ce ta ƙarasa min furfura. Sunana Malam Ilu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, na ga taurin kai iri-iri, amma muryata ba ta taɓa dushewa don faɗa ba sai da na yi ritaya na dawo gida na zauna kusa da Nomau.

'Ya'yan Inna Delu biyu ne, duka maza. Babban, Mamuda, karatu ya kai shi Kanada, aiki ya riƙe shi can, shekara tara ke nan yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya. Ƙaramin shi ne Nomau, magidanci mai shekara talatin da 'yan kai, da matarsa Hansai wadda Allah ya zuba wa haƙuri. Nomau ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya, ba ya musu da na gaba. Matsalarsa ɗaya ce tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. An taɓa shanya gero aka ce ya tsare kada kaji su ci. Tun hantsi har la'asar yana korar kaji, awaki uku kuwa suna cinye geron a gabansa, don ba wanda ya ambaci awaki.

Mamuda ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kama sunansa. "Wancan na can" take cewa, kuma in an ɗauko zancensa sai ta kau da kai ta ce ita ba ruwanta. Amma katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Tun da aka ce yana da ciwon suga har yana yi wa kansa allura, kullum bayan sallar asuba ina jin ta tana magana ita kaɗai: "Mutum shi ɗaya a ɗaki, in ya faɗi wa zai ɗaga shi?"

Idon Inna ya yi rauni, wayar shafawa ta gagare ta. Da Mamuda ya zo Babbar Sallah sai ya taho mata da wayar tebur mai manyan maɓallai, da ɗan akwatin intanet, da farantin sola da aka ɗora a kan rufi. Ya haɗa komai a ɗakinta, ya ce, "Inna, wannan wayar ɗakina ce ta can, ta intanet take aiki. Lambar can ce a kanta, adireshin ɗakina kuma aka rubuta mata. Ita ba ta san ta zo Najeriya ba. In kika kira ni, kamar maƙwabci ne ya kira maƙwabcinsa."

Inna ta ce, "Ni me zan ce maka da har zan kira ka." Tana faɗa tana shafa maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da zai koma, ya sayi ɗan rago ya bar wa Nomau kiwo kafin wata Sallar. Yana cikin ɗaure jaka Nomau ya nuna wata jar takarda da ke manne a gefen wayar, mai lamba uku: tara, ɗaya, ɗaya.

"Yaya, wannan fa?"

"Lambar gaggawa ce. In wani abu ya faru ita ake dannawa, a zo a taimaka. Kai dai ka kula da wayar Inna, kada ka yi nisa da ita."

Ina tsaye a wurin. Da na san abin da zai biyo baya, da hulata zan cire in toshe wa Mamuda baki.

Wata rana, Juma'ar farko ke nan bayan tafiyarsa, ranar da ya yi alkawarin kira, Inna ta yi wanka, ta sa turare, ta zauna a gefen gado. Ta miƙa hannu inda wayar take, ta ji tebur wayam. Aka duba ko'ina, Hansai har ta fara zargin ɓarayi. Sai gab da magariba ga Nomau daga gona, fartanya a kafaɗa, waya goye a bayansa da zanen matarsa, igiyoyinta suna jan ƙasa. Na ce, "Kai Nomau, ina ka kai ta?" Ya ce, "Gona, Malam. Yaya ya ce kada in yi nisa da ita, kuma gona da nisa. Amma ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba." Na yi masa bayani cewa in ba a jone take da akwatin nan ba, ba ta da bambanci da dutse. Ya gyaɗa kai. Inna ta ce da ma ba jiran kowa take ba, iska kawai take sha a gefen gado.

Wata rana kuma, da azahar, akuyar Hansai ta faɗa tsohuwar rijiyar bayan gida. Hansai ta kwala ihu. Nomau ya leƙa rijiyar, ya tabbatar wani abu ya faru, ya ruga ɗakin Inna ya danna lamba uku. Wata mata ta ɗauka tana Turanci. Ya zage ƙarfinsa yana faɗa mata, "Ta faɗa! Tana ciki tana kuka! Ku zo da igiya!" Ya ajiye waya, ya ɗauki tabarma da kwanon ruwan sanyi ya fita bakin hanya ya zauna jiran baƙi. Mu muka zura guga da igiya muka ciro akuyar, ba ta ko karye ba.

Ba a yi rabin awa ba wayar ta ɗauki ƙara. Mamuda ne, kuma ko ba ka kara a kunne ba kana jin sa. Can safiya ce, yana banɗaki da sabulu a ka aka yi ta dukan ƙofarsa. Ya buɗe da tawul, ya ga 'yan sanda biyu. Suka ce daga wannan ɗakin wani ya kira yana ihu da harshen da ba su sani ba. Sai da suka duba har ƙarƙashin gado. A ƙarshe ya haɗa ni da su, na yi ta ba da haƙuri da Turancin da na ajiye tun ranar da na bar aji.

Na zaunar da Nomau na ce, "Saurara. Lambar Yayanka doguwa ce, duk inda ka danna ta a duniya shi za ta samu. Wannan gajeriyar kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce, kowane gari da nasa masu ɗauka. Wayar hannu ta san garin da take, don turken sabis na garin take bi. Wannan ta intanet take bi, kuma abin da aka rubuta mata a takarda shi kaɗai ta sani. In ka danna, mutanen garin Yayanka za su ɗauka, ƙofarsa kuma za su je."

"To in sun gama da Yaya za su ƙaraso?"

"Ba za su ƙaraso ba!"

"Wato ita ba ta san a Tudun Gwanda take ba?"

"Ba ta sani ba. Da ta san inda take, da duk wannan bai faru ba."

Ya kalli wayar da tausayi. Ni kuma na tashi na tafi ina jin na iya koyarwa.

Wata rana da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai na ga jama'a suna dafifi wajen fada. A garinmu duk baƙon da ya zo zama, dole mai masaukinsa ya kai shi gaban mai gari da goro, a san da shi, a faɗa masa inda ya sauka. Na isa na tarar da Nomau durƙushe, waya a kan faifai an lulluɓe ta da sabon ɗankwali, ga ƙullin goro a gefe.

"Ranka ya daɗe, baƙuwa ce daga Kanada. Wata uku tana gidanmu ba a kawo ta gaisuwa ba, shi ya sa har yau ba ta san inda take ba."

Mai gari Ɗanbaba mutum ne mai son nishaɗi, kuma ba ya mayar da goro. Ya gyara rawani ya dubi wayar ya ce, "Baiwar Allah, nan Tudun Gwanda ne. Mun karɓe ki, daga yau ke 'yar gari ce." Fadawa suka amsa, "An gaishe ki!" Ina ta yi wa mai gari alama da ido, ya ƙi kallona. Daga nan Nomau ya zagaya da ita kasuwa, ya nuna mata rijiyar gari, da makabarta, da tashar babura. Ya dawo gida ya jona ta. Sannan, don ya tabbatar ta gane, ya danna lamba uku.

Wannan karon Mamuda yana wurin aiki. 'Yan sanda suka buga ba amsa, sai tsohuwar da ke da gidan hayar ta zo da mabuɗinta ta buɗe musu. Da Mamuda ya kira, maganarsa a daddatse take fita. Ya ce, "Nomau, lambar nan ba ta gwaji ba ce, ba ta akuya ba ce. Ta gobara ce da irinta. Ka ji ni?" Nomau ya ce ya ji. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ashe ko mai gari ba ta ji wa."

Wata rana cikin bazara, Mamuda ya huce yana hira da Inna, ya ba ta labarin wata gajeriyar lambar da suke da ita can. Ya ce kafin ya fita yakan danna ta, na'ura ta faɗa masa halin da hanya take ciki da abin da sama za ta yi, kuma ba ta ƙarya. Nomau ya tambayi lambar. Mamuda ya ga ai wannan ba ta turo kowa ƙofar kowa, ya faɗa masa. Washegari ina sauri zan tafi masallaci Nomau ya tare ni ya ce in zo in fassara masa. Na kara a kunne, na ce, "Cewa take gobe tun safe dusar ƙanƙara za ta zuba mai yawa, hanya za ta yi santsi, a sa kaya masu kauri, kada a fita sai dole." Na ajiye na wuce. Kalma ɗaya na manta ban ƙara ba, wato "can". Wannan laifina ne, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Kashegari rana ta fito irin wadda ke sa kwalta laushi. Nomau ya fito da riga uku, da bargo a kai, da safa a hannu. Ya naɗe ragon Yayansa da buhuna. Ya hana Hansai zuwa ɗiban ruwa, ya hura gawayi a kasko ya kai ɗakin Inna, ta koro shi da sanda. Daga nan ya tsaya tsakiyar hanya yana tare 'yan acaɓa yana cewa su bi a hankali akwai santsi. Kafin azahar ya yanke jiki ya faɗi. Muka ja shi inuwa, muka tuɓe masa kayan, muka yi ta sheƙa masa ruwa. Da ya buɗe ido, abin da ya fara cewa shi ne, "Ta zuba?"

Ranar Juma'a Inna ta tambayi na can, ya ce ƙwarai ta zuba, har gwiwa. Nomau ya dube ni ya ce, "Ka ji ko, Malam. Ba ta ƙarya."

Wata rana, bai fi mako biyu da wannan ba, Hansai tana suyar ƙosai wuta ta lashi rufin ciyawar madafa. Nomau yana bakin rijiya, guga cike da ruwa a hannunsa, taku goma tsakaninsa da wutar. Ya dubi wutar, ya ga lalle gobara ce. Ya dire gugan ya ruga ɗakin Inna ya danna lamba uku. Kuma da yake ya lura matar ba ta jin Hausa, sai ya yi mata da kalmar da ya tsinta a tasha: "Faya! Faya! Faya!"

Mu nan da tukwane da bokitai muka kashe wutar, rufin madafa dai ya tafi. Can kuwa motocin kwana-kwana uku suka tsaya a ƙofar gidan su Mamuda da jiniya. Aka fitar da duk mutanen benen waje cikin ƙanƙara, har da mai jego da jaririnta, aka bi ɗaki-ɗaki ana neman hayaƙi. Na shiga gidan Inna da toka a gemu, na kama Nomau da faɗa har muryata ta shaƙe. Ya bari na gama, ya ce, "Malam, Yaya cewa ya yi ta gobara ce. Wannan ba gobara ba ce?" Gaskiyarsa ce, wannan kuma ya fi komai ba ni haushi.

Da Mamuda ya kira, bai yi ihu ba, kuma hakan ya fi tsorata ni. Ya ce an ba shi takardar gargaɗi, tsohuwa mai gida kuma ta ce in aka sake ya nemi wani wurin. Na ce, "To ka sa a canza adireshin mana, a rubuta Tudun Gwanda." Ya ce, "Na tambaya, Malam. Kamfanin ba ya karɓar adireshin da ba na ƙasar ba. Ka faɗa musu, in aka ƙara buga min ƙofa sau ɗaya, wallahi rufe layin zan yi."

Inna tana jin komai. Ta ce, "A rufe mana. Ni da ma me nake ce masa." Ta juya ta fuskanci bango. Ranar Hansai ta kai mata tuwo ta dawo da shi ba a taɓa ba. Tsohuwar nan ba ta da abin da take jira daga Juma'a zuwa Juma'a sai ƙarar wayar nan, kuma na ji tausayinta har cikin raina.

Wata rana na ce bari in kawo ƙarshen abin da kaina. Na sayo salatif na liƙe maɓallin tara da na ɗaya, na nuna wa Nomau da yatsa na ce, "Kada ka bari kowa ya ɓare wannan. Ko waye." Na koma gida ina yaba wa hikimata. Abin da ban duba ba shi ne, lambar Mamuda kanta tana da tara biyu a ciki. Juma'a ta zo, Mamuda yana fushi bai kira ba, Inna ta laluba za ta kira ta ji leda. Nomau ya ce ba a ɓarewa. Aka aiko min, na zo na sa farce, ya riƙe min hannu da ƙarfin da yake riƙe shanun huɗa.

"Kai, ni ne fa na liƙa!"

"Malam, kai ka ce ko waye."

Kwana goma sha ɗaya yana gadin salatif. Sai da Mamuda ya gaji da fushi ya kira da kansa, ya ce a ɓare, sannan aka ɓare. Ya ce, "Nomau, lambar nan ka manta da ita. Ko garin ne ke ci da wuta kada ka taɓa."

"Ko da rai zai fita, Yaya?"

Mamuda ya yi tsaki ya ce, "To in ka ga rai zai fita da idonka, ka danna! Ba ni Inna, ka ishe ni."

Ni da Mamuda duk mun ɗauka maganar gajiya ce, irin wadda ake faɗa don a rabu da mutum. Wata biyu aka yi lafiya, har na fara mayar da ƙibar da na rasa.

Wata rana bayan saukar ruwan farko, da la'asar, ragon Mamuda ya tsinke ya shiga gona ya ɗibi sabon tsiron dawa. Kafin a ankara cikinsa ya kumbura, ya kwanta yana shure-shure, idanu sun juye. Hansai ta ce, "Maigida, ɗauko wuƙa kafin ya zama mushe!" Nomau ya tsuguna ya duba ragon da kyau, ya ce, "Rai zai fita." Ya miƙe ya nufi ɗakin Inna.

Ihun Hansai na ji na taho da wuƙata, na yanka ragon da ƙyar kafin ya cika. Ina ɗagowa na ji muryar Nomau daga ɗaki yana cewa, "Rai ne, rai! Na gani da idona!" Na faɗa ɗakin hannuna duk jini, na fizge wayar, na yi ta roƙon matar da Turanci cewa kuskure ne, rago ne, a Najeriya muke. Ta ce ta ji, amma mutanensu sun riga sun kama hanya, kuma sai sun gani da idonsu za su juya.

Abin da na faɗa wa Nomau a ranar ba zan rubuta shi ba. Na ce masa ya raba uwa da ɗanta saboda rago. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Shi ya ce, Malam." Muka danna lambar Mamuda don mu riga su, mu fara ba shi haƙuri. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Muka sake har sau biyar. Na ce shi ke nan, ya gane mu ne, ko muryarmu ba ya son ji.

Inna ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta jawo wayar ta ɗora a cinyarta, ta goge jinin da na shafa mata da gefen zane, ta ce mu fita. Da asuba ban ji ta tana maganarta da ta saba ba. Hansai ta ce haka ta kwana zaune da wayar, tana ɗagawa tana saurare ko layin yana nan.

Sai da azahar ta washegari wayar ta yi ƙara. Duk muka taru a bakin ƙofa. Inna ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo min. Muryar Mamuda ce, amma can ƙasa, kamar ta mai shekara tamanin.

Daga asibiti yake kira. Jiya da safe ya yi allurarsa, ya ɗora buta a wuta, bai kai ga cin komai ba suga ya yi ƙasa, ya faɗi a kicin. Ranar hutunsa ce, ba wanda zai neme shi sai bayan kwana biyu. 'Yan sanda suka zo, ɗaya daga cikinsu ma wanda ya taɓa ganin sa da tawul ne. Suka buga ba amsa, har sun yi niyyar juyawa suna cewa mutanen akuya ne kuma, sai suka ji ƙaurin butar da ta ƙone. Tsohuwa mai gida ta zo da mabuɗinta tana mita. Suka same shi kwance a ƙasa ba ya motsi. Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya, da labari ya sha bamban.

Da ya gama ba ni labari, Mamuda ya ce, "Malam, ba ni Nomau."

Nomau ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa kamar yana gabansa. "Yaya, ka yi haƙuri. Kada ka rufe wa Inna."

"Nomau, me ka gani ka danna?"

"Rai zai fita, Yaya. Kai ka ce."

Mamuda ya ce, "Haka na ce." Ya ƙara da cewa, "Ba wanda zai rufe layin nan muddin ina raye. Ragon fa?"

"An yanka. Mutanen naka har yanzu ba su iso ba, ga tabarma can na shimfiɗa tun jiya."

Mamuda ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, har wata ma'aikaciyar asibiti ta karɓe wayar. Na juya zan fita don kada a ga idona. A lokacin na ji abin da ban taɓa ji ba a shekarun da na yi ina maƙwabtaka da gidan nan: Inna Delu ta kama sunan ɗanta na fari. A hankali ta faɗa, sau biyu, "Mamuda. Mamuda." Hansai ta rufe baki da mayafi.

Yanzu Inna ta kafa sabuwar doka, kuma ni aka sa na tsara kalmominta, na kwana uku ina duba ta ta kowane gefe kafin in bari Nomau ya ji: in an kira Yaya sau uku ranar Juma'a bai ɗauka ba, aka jira awa ɗaya aka sake bai ɗauka ba, a zo a kira Malam Ilu. Wato dai duk yadda aka juya, ni ne mai ba da haƙuri da Turanci.

Amma a ranar da Mamuda ya kira daga asibiti, bayan an ajiye waya, Inna ta ce, "Nomau, matso." Ya matso. Ta laluba ta kamo hannunsa na dama, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga manuni. Ta riƙe shi gam da hannu biyu, ta kai goshinta, hawaye suna bin tsintsiyar hannunsa. Ya daure na ɗan lokaci, yana kallona yana kallon wayar. Sannan ya ce, "Inna, ki sassauta kada ki karya min. Da shi nake dannawa."